Takardar da Aka Bari a Kwando

Duk unguwar Ibrahimiyya ta Iskandariya babu wanda bai san cewa Midhat Sarwat ya fi kowa sanin na'ura ba, domin shi da kansa ya bi mutane ɗaya-ɗaya ya sanar da su. Ya gaya wa mai aski, ya gaya wa mai dafa wake a bakin layi, ya gaya wa direban tram, jirgin dogon nan na cikin gari, har sau biyu, saboda a karon farko mutumin bai nuna alamar ya ji ba. Wanda ya kira shi Midhat kawai, sai ya ga ya waiwaya kamar wani ake nema, har sai an gyara an ce Bashmuhandis, wato babban injiniya.

A wani ɗan kamfani yake aiki, a hawa na biyu na wani tsohon bene mai hawa shida. Su uku ne: shi, da Mirfat, mace marar yawan magana da ya riga shiga aikin da kwana goma sha ɗaya, sai shugabarsu Madam Nagwa. Dukiyar kamfanin kuwa wata ƙatuwar na'ura ce a ɗakin ƙarƙashin matakala, wadda aka yanyanka cikinta ɗaki-ɗaki aka raba wa mazauna benen. Kowa gani yake kwamfutarsa ce shi kaɗai, da faifanta da firintarta da lasifikarta, alhali duk kwaikwayo ne, babbar na'urar ce ke yi wa kowa aiki. In kwamfutar wani na son buga takarda, sai ta rubuta 'yar buƙata, a ɗebo daga wuri kaza, tsawo kaza, ta ajiye a wani lungu da ita da babbar na'urar duk ke iya taɓawa. Can cikin ƙwayar manhajar, inda masu sana'ar ke kira kanel, akwai layukan da ke tare buƙatar su tuhume ta kafin a aikata. Su ake ce wa mai gadi. Madam Nagwa ce ta rubuta shi, kuma matakai arba'in da ɗaya yake bi da kowace buƙata kafin ya buɗe mata ƙofa.

Ba a canza ko ɗigo a kanel sai da wani ɗan mabuɗi mai tsawon yatsa da ake cusa wa kwamfuta. A wuya Madam Nagwa ke rataye shi da shuɗin zare. Shekara tara Midhat na kallon zaren nan.

Wata ranar Alhamis aka bugo waya daga Aswan cewa 'yarta ta sauka. Madam Nagwa ta haɗa jaka, ta kira su biyun.

"Mako guda zan yi. In na dawo zan tara mutanen benen nan a saman rufi, in faɗi wanda zan bar wa mabuɗin nan a cikinku, don ni jikana nake so in zauna kusa da shi. Kafin nan wani ya riƙe min."

Midhat ya ce, "Da kwana goma sha ɗaya na riga ta, Madam."

"Na sani, Bashmuhandis, kullum sai ka tuna min." Ta cire zaren ta miƙa masa. "Riƙo na ce. Kada ka taɓa mai gadi."

Ya dafa ƙirji ya ce ko kallonsa ba zai yi ba. Ranar Lahadi da aka koma aiki, tun kafin shayi ya huce, ya buɗe shi.

Ya karanta matakan nan arba'in da ɗaya yana girgiza kai. Tsawon ya wuce iyakar ɗaki? Lambar ta gaza sifiri? In an haɗa mafari da tsawo, jimlar ta zagaye ta dawo baya? Na farkonsu ma ba tambaya ba ce, cewa kawai yake a kwafe buƙatar a kawo ta ɓangaren mai gadi kafin a fara dubawa.

"Mirfat, zo ki ga ɓarnar lokaci. Wannan ba gadi ba ne, rashin yarda da mutane ne. Dokta Girgis ɓarawo ne? Hajja Afaf 'yar fashi ce? Mutanen da muke gaisawa a matakala ne za a tsare takardarsu a yi mata tambaya arba'in?"

Mirfat ba ta ɗago ba ta ce, "Ba su ake tuhuma ba. Abin da kwamfutarsu ta rubuto ake tuhuma."

"Kwamfutar mutumin kirki ba ta ƙarya."

"Madam ta ce kada ka taɓa."

"Madam ta ce in riƙe. Ai ga shi na riƙe." Ya cusa mabuɗin, ya share matakan duka, ya raɗa wa aikin suna Walƙiya. Da ya auna, saurin na'urar ya ƙaru da kashi uku cikin ɗari. Kafin azahar mai aski ya ji labarin ɗari uku ne.

Da yamma ya kulle kansa a ofis, ya ɗauki sautin jawabin da zai yi ranar Alhamis in an miƙa masa mabuɗi, ya adana a nasa ɗakin cikin na'urar. Sai da ya maimaita sau goma sha ɗaya kafin ya samu muryar tawali'un da ta yi masa.

Litinin da hantsi Dokta Girgis, likitan haƙori na hawa na huɗu, ya sauko da farar rigarsa, yana jan hannun wani mutum mai kumburarren kunci.

"Bashmuhandis, karanta wannan."

Midhat ya karɓi takardar magani. Layin farko ƙwayar kashe zafi ce, sau uku a rana. Daga nan takardar ta zarce: garin alkama mai tsaki kofi biyu, man shanu kofi ɗaya, sukari kofi ɗaya da rabi, a bar shi ya kwana, kada a gaya wa matar Fawzi.

"Mai shagon magani ya kore shi," in ji likita. "Sai ya wuce gida ya ba matarsa, ta haɗa masa girkin tsaf. Mutumin da na hana sukari!"

Mai kunci ya ce ta gefen baki, "Gaskiya dai, Dokta, ban taɓa shan magani mai daɗinsa ba. A ƙaro min na mako biyu."

Suna cikin haka sai ga Hajja Afaf ta hawa na uku, mai yin basbusa, wani kek mai zaƙi da ake layi a kansa kowace Juma'a, tana saukowa tana riƙe da bango. Sirrin haɗin nan daga kakarta ta gada, shekara talatin tana ɓoye wa surukarta, matar Fawzi. Kwamfutar likita ta yi kuskure ta nemi tsawon da ya fi ɗakinta, babu mai tambaya, sai na'urar ta ɗebo har cikin ɗakin maƙwabciya.

"Ɗan nan, wa ya ba mai ciro haƙora girkin kakata?"

"Hajja, wannan shi ake kira ci gaba. Na'ura ce ta fara haɗa kan maƙwabta."

"Zan haɗa kanka da bangon nan. Matar Fawzi ta bugo min waya tana tambaya wai da gaske kwana yake yi!"

Likita ya ce, "Ni dai, Hajja, kofi ɗaya da rabi ya yi yawa. Rabin marasa lafiyata daga ƙofarki suke hawowa."

"To ka gode min mana, da wa zai ciyar da kai?"

Da suka tafi, Midhat ya zauna ya yi tunani mai zurfi na kusan minti biyu, ya rubuta layi ɗaya: in tsawo ya wuce dubu huɗu, a ƙi.

"Na ƙirƙiro wata dabara," ya ce wa Mirfat.

"Mataki na bakwai ne na Madam."

"Kama ce kawai. Nawa ya fi nata kyan tsari."

Talata ta zo da Ustaz Ramzi, lauyan hawa na biyar. Manhajarsa tsohuwa ce, tun ta zamanin mahaifinsa, kuma tana da wata ɗabi'a: in ba ta da abin bugawa sai ta rubuta ɗaya ƙasa da sifiri a gurbin tsawo. Sabon mai gadin Midhat ya duba, ya ga lambar ba ta kai dubu huɗu ba, ya ce bismillah. Sashen da ke ɗebo bayanai kuwa bai san akwai wani abu ƙasa da sifiri ba. A idonsa lambar nan biliyan huɗu ce da ɗoriya. Ya shiga ɗebowa.

Firintar lauya ƙatuwa ce, mai cin takarda dubu biyu a zama ɗaya, kuma a bakin taga take. Iskar teku ta yi sauran aikin. Kafin a ankara layin ya yi fari fat. Mai kifi ya tara ya shiga naɗe wa mutane kifi da hotunan muƙamuƙan unguwa. Wani tsoho ya tsinci wasiyyar yayansa a kan gilashin mota, ya tsaya yana karantawa yana cewa, "Af! Af!" Wata mata ta gane haƙoran mijinta, ta kuma gane ranar da aka ɗauki hoton, ranar da ya ce yana Alƙahira.

Ustaz Ramzi ya sauko da tabarau a goshi. "Bashmuhandis, a gaban shaidu nake tambayarka, mece ce wannan?"

"Sauri, Ustaz. Ka taɓa ganin firintarka ta yi gudu haka?"

"Na zare wayarta, na mayar, ta ci gaba daga inda ta tsaya!"

"Ka ga riƙon amana ke nan."

"Zan kai ka kotu."

"Da wace takarda?" in ji mai kifi daga waje. "Duk suna wurina."

Ran nan Midhat ya ƙirƙiro dabaru goma sha huɗu. Laraba da safe lif ɗin benen, wanda shi ma ɗakinsa ke cikin na'urar, ya haɗa lambobi biyu suka cika suka zagaye kamar mitar tsohuwar tasi, ya yanke hukuncin cewa hawa na shida yana ƙarƙashin ƙasa. Midhat ya ƙirƙiro wasu ashirin da biyar. Mirfat tana gefe da takarda tana yi wa jerin Madam alama ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar ta ce, "Arba'in. Ka mayar da arba'in cikin arba'in da ɗaya."

"Na gina arba'in."

"To. Saura na farko. Kana duba buƙatar tana lungun mai ɗaki, ka ce ta yi, sannan ka koma can ka sake karanto ta ka aikata. Tsakanin dubawarka da komawarka zai iya canza lambar."

Midhat ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga kashi ukun nan saura rabin kashi ya rage masa, kuma duk a kan wannan mataki yake tsaye. In ya mayar da shi, Walƙiya ta zama aikin Madam da sabon suna.

"Kin san tazarar da ke tsakani? Kafin ƙiftawar ido an yi ta sau miliyan. Wa ke da wannan hannun? Hajja Afaf?"

Suka sauko tare suna musu. A bakin ƙofa Ammu Subhi, wato Baba Subhi, mai gadin benen na zaune a bencinsa, dattijo ɗan kudancin ƙasar mai faffaɗar jallabiya. Daidai lokacin kwandon Hajja Afaf ya sauko daga baranda a kan igiya, da 'yar takarda a ciki. Ammu Subhi ya ciro ta, ya ninke, ya sa a aljihu, sai da ya koma bencinsa sannan ya fito da ita ya karanta.

Mirfat ta ce, "Ammu Subhi, don me ba ka karanta ta a kwandon ka bar ta a can?"

Ya dube ta kamar ta tambaye shi don me ake rufe ƙofa. "'Yata, shekarar da na fara aiki na yi haka. Na karanta tumatur kilo ɗaya, na tafi. Ina juya baya ta ja kwandon ta sake shawara. Na dawo da tumatur, takarda na cewa albasa kilo biyar, da rubutunta, a gaban mutane. Wa zai yarda da ni? Tun ran nan, aljihu tukuna, karatu daga baya."

Daga sama murya ta ce, "Ina jinka, Subhi!"

"Don ki ji na faɗa, Hajja."

Midhat ya ce, "Da girmanka, Ammu, amma wannan ilimin tumatur ne. Mu kanel muke magana."

"Allah ya ƙara sani, Bashmuhandis. Lif dai har yanzu yana neman hawa na shida a rijiya."

Mirfat tana da wata manhaja da take kira biri. Ba ta da aiki sai jefa wa mai gadi shirme: lambobi na hauka, buƙatu marasa kai da gindi, dubu-dubai a daƙiƙa, don a ga ko akwai wadda za ta wuce. A wata 'yar na'urar gwaji take sakinsa, inda in ya fasa abu babu mai kuka.

"Bari in sake shi a na gwaji yau. In bai samu komai ba, na yi shiru."

"A na gwaji? A ɓoye?" Midhat ya ɗaga murya don mai kifi ya ji. "Gobe, a saman rufi, a babbar na'ura, gaban Madam da kowa da kowa! Ki kawo birinki, ki kawo iyayensa."

"Bashmuhandis, mutane na cikin na'urar nan."

"Tsoro ne ya kama ki."

"Ni ba zan sake shi a kan mutane ba."

"To ni zan sake shi. Mabuɗi a wuyan wa yake?"

Alhamis bayan la'asar aka jera kujeru a saman rufi, tsakanin igiyoyin shanya da tankin ruwa. Mutanen benen duk sun hau da ƙafa, suna haki suna ambaton sunan Midhat. Madam Nagwa ta iso kai tsaye daga tashar jirgin ƙasa da buhun zoɓon Aswan, gwiwarta na ciwo. Mirfat ta tare ta a matakala za ta yi magana, Midhat ya shiga tsakani ya karɓe buhun, ya cika ta da barka har suka kai sama. Ya riga ya kafa allo da lasifika biyu da ya aro daga masu biki, ya sa kwat.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, ba a taɓa yin sa ba daga nan har Aswan."

Madam Nagwa ta ce, "Ka taɓa mai gadi."

"Na 'yantar da shi, Madam."

Ta buɗe baki, amma yatsansa ya riga ya sauka. Biri ya fita.

Daƙiƙa arba'in babu abin da ya faru. Allo na nuna buƙatun da aka ƙi: dubu ɗari, dubu ɗari biyar, miliyan. Midhat na zagaya kujeru hannu a baya yana karanto lambobin kamar shi ya haife su. Birin kuwa ya gaji da shirme iri-iri, ya koma wasa ɗaya: ya rubuta goma, ya goge ya rubuta biliyan huɗu, ya goge ya rubuta goma, ba tsayawa. Sau miliyan biyu mai gadi na kama shi. A na gaba, mai gadi ya duba ya ga goma, ya ce ta yi, ya juya, ya dawo ya ɗauki abin da ya tarar.

Lasifikar ce ta fara. Ta yi tari, ta karanto rabin wasiyya cikin ƙara irin ta injin niƙa, sannan ta faɗa ɗakin Midhat. Muryarsa ta fito tangaran, a rufin, da kuma ta 'yan lasifikan ƙofa na kowane gida har bakin titi.

"Ni? Haba Madam! Ban cancanta ba... A'a, ya yi sauri. Sake. Ni? Ni kuwa? Wallahi ban taɓa kawowa a raina ba... Nan sai in share ido. Hagu ko dama? Dama."

Midhat ya daka tsalle ya danna maɓallin tsayarwa. Maɓallin ma buƙata ce, ta bi layi bayan biliyan huɗu.

"Ina gode wa 'yar'uwata Mirfat, wadda ta yi iya ƙoƙarinta... Nan in dube ta da tausayi. Sai in gode wa likita, kada in kalli gashin kansa, kowa ya san saye ya yi. Hajja kuma in yabi basbusa, ko da yake ta matar Fawzi ta fi laushi."

Hajja Afaf ta miƙe a hankali tana cire takalmi.

"Muryar ba tawa ba ce!" in ji Midhat. "Birin ne ke kwaikwayo!"

"Ni, Bashmuhandis Midhat Sarwat," in ji lasifika, "karo na shida."

Birin bai tsaya ga karatu ba, ya shiga rubutu a ɗakunan mutane. Famfon tanki ya samu umarnin ya cika lita biliyan huɗu, ya kama aiki da gaskiya, ruwa ya ɓalle ta saman tankin ya sauko kan kujeru. A hawa na huɗu kujerar likita ta shiga hawa da sauka ita kaɗai. Firintar lauya, da aka cika mata ciki da safe, ta koma bakin aikinta. Lif ya taso daga rijiya a guje, ya buɗe ƙofa a rufin, ya nuna wa jama'a babu kowa a cikinsa, ya rufe ya tafi.

Aka yi matakala a rububi, Dokta Girgis na dafe da kansa da hannu biyu. Mirfat ta riga kowa sauka, ta shiga ɗakin ƙarƙashin matakala ta zare wa na'urar wuta gaba ɗaya. Muryar ta mutu a tsakiyar "ban cancanta ba" na tara.

Midhat ya bi ta cikin taron ya sulale titi, kwat na ɗiga, yana lissafin tram na gaba. Amma titin ya cika, don unguwar duka ta ji jawabin ta ƙofar gida. Mai aski ya tafa masa. Mai kifi ya ce, "Dama, Bashmuhandis, dama za ka share!"

"Midhat."

Bai waiwaya bayansa ba wannan karon, sama ya duba. Gwiwar Madam Nagwa ba ta kai ta ƙasa ba, ta tsaya a barandar Hajja Afaf. Kwando na saukowa a kan igiya, ya tsaya daidai hancinsa.

"Sa mabuɗin."

Ya ciro shi daga wuya, ya ɗaga shi sama da shuɗin zarensa, ya juya shi hagu da dama. "Ga shi, Madam. Kin gani? Jama'a, kun shaida?"

Aka ce an shaida. Ya sunkuya kan kwandon, ya rufe shi da jikinsa, ya miƙe yana kakkaɓe hannu. "Shi ke nan, ni zan wuce, ina da uzuri."

"Ammu Subhi, riƙe min mutumin nan tukuna," in ji Madam Nagwa. "A hannunsa na gani. Sai ya zo nawa zan duba."

Ta ja igiya. Duk titi ana kallon kwandon na hawa, hawa na ɗaya, na biyu, na uku. Ta sa hannu ta ciro shuɗin zare. A ƙarshensa mabuɗin kwaɗon kekensa ne ke lilo.

Dariyar da aka yi har direban tram sai da ya tsaya. Ammu Subhi ya zura hannu cikin hannun rigar kwat ɗin ya zaro na gaskiyar, ya sa a aljihu, ya koma bencinsa, sannan ya fito da shi ya duba.

"Gwaji ne!" in ji Midhat. "Gwada ku nake in ga ko kun fahimci matsalar!"

"Ka fahimce ta sarai," in ji Madam Nagwa, "sai dai ta ɓangaren biri. Ammu Subhi, kai wa Mirfat."

Kafin magariba Mirfat ta mayar da mataki na farko, layi uku ne kacal, ta kunna na'urar. Lif ya tuna inda hawa na shida yake.

Ba a kori Midhat ba. Mirfat ta ce asara ce a bar irin wannan baiwa ta tafi wani kamfani. Ta ba shi tebur kusa da na'urar gwaji, wadda ba ta haɗe da komai, ta ce ya riƙa yi mata duk abin da ya ga ya dace. A watan farko ya fasa ta sau goma sha tara, birin kuwa sau huɗu kawai ya iya.

Ya buga sabon kati mai ruwan zinariya, ya kai wa mai aski na farko: Bashmuhandis Midhat Sarwat, Shugaban Sashen Gwaji.

Mai aski ya juya katin ya ce, "Ku nawa ne a sashen?"

"Mu biyu. Amma ɗayan bai kama ƙafata ba."